Kiwon zomaye ga mai sikila: yadda za ka tsara shi daidai ƙarfin jikinka

Duk wanda ya tashi da sikila ya san wannan magana tun yana yaro: "Bari, kar ka taɓa, za ka tayar wa kanka da ciwo." An hana mu ƙwallo, an hana mu wankan ruwan sama, an hana mu ɗaukar bokiti. Iyayenmu ba da mugunta suka yi ba, su suka san dare nawa suka kwana a zaune muna murƙususu a gabansu. Sai dai mutum yakan girma a haka har ya wayi gari ba shi da wani abu guda da yake yi don yana so, rayuwarsa ta koma shan magani da jiran ranar ganin likita. Ni zomaye ne suka fitar da ni daga wannan hali. Shekara shida ke nan ina kiwonsu a bayan ɗakina, da ƙugun dama da ciwon ya riga ya cinye, kuma a cikin shekarun nan an kwantar da ni asibiti ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu amosanin jini, wato sikila, a duniya, ana ƙiyasin jarirai kusan 150,000 ake haifa da shi duk shekara. Duk da wannan yawa namu, bayanan kiwon da ake yaɗawa an yi su ne don mai lafiya, wanda zai yi sammako ya yanko ciyawa, ya ɗauki buhun dusa a kafaɗa. Abin da zan kawo a nan na wanda jikinsa yau fari gobe tsumma ne.

Mataki na farko: nemi wanda zai tsaya maka kafin ka nemi zomo

Kada ka auna kiwon da ranar da ka tashi garau. Auna shi da ranar da aka ɗauke ka ranga-ranga da tsakar dare, aka ɗaura maka ruwa, ka yi kwana goma ba ka san inda kanka yake ba. Dabba ba ta san an kwantar da kai ba, ƙishi zai kama ta a ranar kamar kullum. Saboda haka, kafin ka kira kafinta, kafin ka je wurin mai zomaye, ka zauna da mutum ɗaya a gida ka tambaye shi kai-tsaye ko zai iya riƙe maka su duk lokacin da ciwo ya kayar da kai.

Ni ƙanena na samu. Kuma ban bar shi a matsayin alfarma ba, domin alfarma takan gaji. Mun yi irin yarjejeniyar da aka saba a kiwon karkara: duk haihuwa yana da ɗa ɗaya, ya sayar ko ya ajiye, nasa ne. Tun daga nan ya ɗauki abin da muhimmanci. Ka koya wa mutumin aikin tun kana da lafiya, ku riƙa yi tare sau ɗaya a mako. Sannan ka rubuta tsarin a takarda da manyan baƙaƙe, ka saka a leda, ka rataye a jikin keji: abin da ake ba su da safe, abin da ake ba su da yamma, wacce ce mai ciki, yaushe za ta haihu. In ba ka sami kowa ba, ka dakata da maganar dabba tukuna, ka fara da aikin hannu da zan ambata a ƙasa.

Mataki na biyu: me ya sa zomo, ba kaza ko tattabara ba

Da farko tattabaru nake so, kamar yawancin samarin unguwarmu. Likitana ne ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da ban taɓa ji ba. Saifa ita ce ke tace wasu ƙwayoyin cuta daga jini, kuma a yawancin masu sikila takan daina aiki tun ana yara saboda toshewar da take ta fama da ita. Shi ya sa cutar da wani zai yi kwana biyu ya warware, mu takan kai mu gadon asibiti. Akwai ƙwayar cuta da ake kira salmonela, wadda ake yawan samu a kashin kaji da agwagi da ’yan tsaki, da kuma jikin kunkuru da ƙadangare. Ga mai lafiya yawanci gudawa take sawa. Ga mai sikila tana iya shiga jini ta sauka a ƙashi, ta haifar da ciwon ƙashi mai ruɓa wanda ake shafe makonni ana allura kafin a shawo kansa. Tattabaru kuwa ƙurar gashinsu da busasshen kashinsu ke shiga huhu, mu kuma ƙirji shi ne wurin da muka fi tsoro.

Ba ina cewa mai sikila ba zai kusanci kaza ba. Gidaje nawa ne babu kaji? Amma zama a gida mai kaji daban, shiga akurki kullum kana shara daban. Akuya da tunkiya kuma ƙarfi suke so: a ja, a ɗaure, a ɗauko musu dami. Ragon layya in ya tunkuyi ƙugu irin nawa, an gama magana.

Zomo ba ya ihu, ba ya bukatar a kai shi kiwo, nauyinsa bai fi kilo 2 zuwa 4 ba a irin waɗanda muke da su, kashinsa busasshe ne ƙanana kamar na akuya, kuma duk aikinsa ana iya yi a zaune. Shi ma dabba ne, yana iya ɗaukar cuta, don haka maganar tsafta tana nan daram. Ka faɗa wa likitanka niyyarka, ka tambaye shi ko allurar rigakafin tetanus ɗinka tana kan lokaci. In kana da gyambon idon sawu da bai warke ba, ka faɗa masa wannan ma.

Mataki na uku: kejin da aka yi don jikinka

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, su saki zomaye a ƙasa cikin ɗaki ko kango. Zomo zai haƙa rami, ya haihu a ciki, kai kuma kullum kana durƙuso da sunkuyo. Mai ciwon ƙugu ko baya ba zai yi wata uku a haka ba.

Ka sa kafinta ya yi maka keji mai ƙafafu. Kafin ya yanka katako, ka ɗauko kujerar da za ka riƙa zama a kai, ka zauna, ya auna ƙasan kejin ya zo daidai cibiyarka. Ƙofa ta kasance a gaba, mai faɗi, yadda hannunka zai kai kowace kusurwa ba tare da ka miƙe ba. Kowane babban zomo ɗakinsa daban: tsawo wajen santimita 90, faɗi 60, tsayi 50. Kada faɗin ya wuce haka, domin zomo in ya ga hannu can ƙurya yake maƙalewa. Ƙasan a yi shi da raga mai ƙarfi wadda kashi zai riƙa zubowa ta cikinta amma ƙafar ɗan zomo ba za ta zurma ba, a ɗora ɗan falankin katako a gefe guda don su riƙa hutar da tafin ƙafa. A ƙarƙashi a jingina kwanon rufi a karkace, ya gangara zuwa wani tsohon bokiti. Wannan kwanon shi ne ya rage mini rabin wahala, fitsari da kashi su tattara kansu wuri guda.

Katakon da ke ciki a rufe shi da raga, in ba haka ba za su gaigaye shi. Ƙafafun kejin a tsoma kowacce cikin gwangwani mai ɗan baƙin mai saboda kwarkwasa da tururuwa, waɗanda ke iya cinye jarirai a dare ɗaya. Ɓera da kyanwa ma abokan gaba ne, sakata ta zama mai kyau. Wurin ajiyewa kuwa inuwa mai iska, ƙarƙashin bishiya ko rumfar zana, kuma kusa da ɗakinka. Nawa taku goma sha biyu ne daga bakin ƙofata. Na ƙirga, domin akwai ranakun da taku goma sha biyun nan shi ne iyakar abin da zan iya.

Mataki na huɗu: sayen zomayen

Fara da uku: namiji ɗaya, mata biyu, ’yan wata uku zuwa huɗu. In da hali ka saya a gidan mai kiwo inda za ka ga iyayensu da tsaftar wurin, namijin kuma daga wani gida daban don kada su zama ’yan uwan juna. Kada sunan iri ya ruɗe ka. Za a ce maka wannan ɗan waje ne, wancan ƙato ne. Wanda aka haifa a garinku ya saba da zafin garinku ya fi maka.

Duba abu huɗu: cikin kunne kada ya kasance da ɓawon ƙazuwa, hanci a bushe ba majina, ido garau, ƙarƙashin wutsiya babu alamar gudawa. Duk sabon zomo da zai shigo daga baya, ka ware shi mako biyu kafin ya kusanci na gida. Kuma don Allah kada ka ɗaga zomo da kunne kamar yadda ake yi a kasuwa. Hannu ɗaya a fatar kafaɗa, ɗayan ya tallafi gindinsa, ka manna shi da jikinka. Ka sa riga mai dogon hannu, domin faratan ƙafarsa ta baya suna yanka.

Mataki na biyar: abinci da ruwa, nasu da naka

Ginshiƙin abincinsu harawa ce, ta gyaɗa ko ta wake. Ka saya da kaka lokacin da take araha, ka biya mai kura ya kawo har gida, a ɗora a wuri busasshe sama da ƙasa. Kada ka ɗauki dami da kanka ko da kana jin ƙarfi a ranar. Dusa ma in an kawo buhu, a rarraba maka ita a ƙananan robobi masu murfi waɗanda za ka iya ɗauka da hannu ɗaya.

Da safe ina ba kowanne dusar masara ko ta alkama kamar cikin tafi biyu, na ɗan yayyafa mata ruwa don kada ƙurarta ta shiga hancinsu, da nawa. Da yamma harawa mai yawa, domin zomo da dare ya fi cin abinci. Ganyen dankalin Hausa, ganyen zogale, ganyen karas da ɓawonsa duk suna so. Ɗanyen ganye a bar shi ya ɗan yi yaushi a inuwa kafin a ba su, kuma duk sabon abinci a fara da kaɗan, cikin zomo ba ya son sauyin gaggawa. Abin da ya yi fumfuna a zubar. Ciyawar bakin gona da ba ka tabbatar ko an yi mata feshi ba, ka bar ta. In kana da mai kayan miya da kuka saba, ka roƙe shi ya riƙa tara maka ganyen da yake zubarwa, yaro ya karɓo.

Akwai masu cewa zomo ba ya shan ruwa. Ba gaskiya ba ne, kuma wannan magana ta kashe zomaye da yawa, musamman masu shayarwa. Ka sa musu ruwa a kasko mai nauyi da ba za su kifar ba, a canza kullum. Ni na ɗaura shan ruwana a kan nasu: duk lokacin da na cika kaskonsu, sai na shanye kofi guda a wurin kafin na tashi. Mun san dalili. Jiki in ya bushe jini yakan yi kauri, ƙwayoyin da suka lanƙwashe kamar lauje su maƙale a ƙananan jijiyoyi, ciwo ya taso. Shekaru Inna tana bi na da kofi ina ƙi, sai ga shi zomaye sun sa na riƙe abin. Magungunan safe ma a lokacin nake sha, shi ya sa na daina mantawa.

Mataki na shida: kowane yanayi da nasa tsarin

Hunturu shi ne lokacin da zomaye suka fi walwala, ni kuma lokacin da na fi shan wuya. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, kuma iskar asuba ta Disamba da Janairu ta isa ta kwantar da mai sikila. Don haka a hunturu ba na fita wurinsu sai rana ta ɗaga, wajen ƙarfe goma. Babu abin da zai same su, in dai an cika musu harawa tun yamma. Ina fita da rigar sanyi, safa, hula da takunkumi saboda ƙura. Hannuna ba ya taɓa ruwan randa, sai an sirka da na zafi, ko wankin kasko ne. Da dare a rufe gefen da iska ke bugowa da buhu, musamman in akwai jarirai, domin tsirara ake haifarsu.

Bazara kuma akasin haka: daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Kano, ni da su duka muna cikin haɗari. Zomo ba ya gumi kamar mutum, ta kunne da numfashi yake fitar da zafi. Da zarar zafi ya wuce digiri 30 yakan fara takura, in ya kai 35 zuwa sama yana iya mutuwa. In ka ga ya miƙe yana haki, hancinsa ya jiƙe, to ya galabaita. Ka jiƙa buhun algarara ka rataya a gefen keji, ka ɗora zana ko kara a kan rufin kwano, ka sa masa fasasshen tulu da aka jiƙa ya kwanta a jiki. A wannan lokaci ina dakatar da barbara gaba ɗaya: mai ciki ta fi saurin mutuwa a zafi, namijin ma ƙarfin haihuwarsa yakan ragu. Aikina kuma ya koma sassafe da bayan la’asar, tsakar rana ƙanena ke leƙa su.

Damina matsalarta biyu, jiƙewa da sauro. Kada ka fita cikin ruwa don ka rufe keji, ka gyara rufin tun kafin ruwan farko. Ka gama aikin yamma kafin magariba, domin zazzaɓin cizon sauro yana cikin manyan abubuwan da ke tayar mana da ciwo da ƙone jini. Jiƙaƙƙiyar ciyawa kuma tana sa su gudawa da kumburin ciki.

Mataki na bakwai: shara

Sau biyu a mako ya isa in kejin irin wanda na kwatanta ne. Takunkumi, safar hannu ta roba, rufaffen takalmi. Yayyafa ruwa kafin ka share don kada ƙura ta tashi, ka barbaɗa toka a kan kwanon da ke ƙarƙashin kejin ta kashe zarnin fitsari. Ɗaukar bokitin aikin mataimakinka ne. Kashin taki ne mai kyau, masu lambu da masu fulawa suna nema. In ka gama, wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci ko magani. In zomo ya yakushe ka, wanke wurin da sabulu nan take, ka sa ido a kai.

Zomon da ya kamu da ciwo, ware shi ka kira malamin dabbobi, kada ka yi ta jagwalgwala shi da hannu. Wanda ya mutu wani ya binne. Kai kuma in ma’aunin zafi ya nuna 38 ko fiye, ko ka ji ciwon ƙirji, ko numfashi na yi maka wuya, ko wani ƙashi guda ya kumbura yana zafi, asibiti za ka nufa a ranar, kuma ka gaya musu kana kiwo.

Mataki na takwas: haihuwa, da sanin inda za ka tsaya

Zomanya takan isa barbara a wata biyar zuwa shida. Ita ake kai wa ɗakin namiji, in aka kai shi nata faɗa za su yi. In ya hau ya faɗo gefe, an gama, a mayar da ita, ka rubuta ranar. Cikinta kwana 31 ne, ko ya ɗan gaza ko ya ɗan ɗara. A kwana na 28 ka saka mata ƙaramin akwati da busasshiyar ciyawa. Za ka ga tana tsige gashin ƙirjinta tana shimfiɗawa, haihuwa ta zo ke nan. Takan haifi huɗu zuwa takwas. Kada hankalinka ya tashi don ba ka ganin tana shayar da su, sau ɗaya ko biyu take yi a yini, yawanci da dare. In cikinsu ya yi tumbur, suna ƙoshi. Idonsu yana buɗewa wajen kwana 10, a yaye su a mako shida, a raba maza da mata kafin su cika wata uku.

Ranar da na fara ɗaga gashin nan na ga ’yan jajayen abubuwa shida suna motsi a ɗumin juna, na daɗe zaune a wurin. Ni da aka saba yi wa hidima, yau ga rayuka a hannuna. Wannan daɗin ne ya ja ni na yi kuskure a shekara ta biyu. Na bar su suka kai ashirin da uku, na ƙara keji, na koma yanko ciyawa da kaina saboda harawa ta ƙare. Wata ranar Asabar na yini a rana ina wanke kejuna, da dare ciwo ya kama ni a baya da ƙirji, sai da aka yi mini ƙarin jini. Kafin a sallame ni bakwai sun mutu, aikin ya fi ƙarfin yaro ɗaya.

Tun daga nan na yanke: manya uku, haihuwa ɗaya a lokaci guda, ’ya’ya kuma a sayar ko a yanka kafin su wuce wata huɗu. Ma’aunin da nake bi shi ne, in aikin safe ya wuce minti ashirin, ko ya fi ƙarfin ƙanena shi kaɗai, to sun yi yawa. Ka nemi masu saye tun kafin a haihu. Kuɗin da ke shigowa ba mai yawa ba ne, amma yana sayen dusa, wani watan har da maganin wata.

Ranakun kwanciya

Akwai kwanakin da ciwo ya lafa amma ƙafa ba ta ɗaukar ka, kuma su ne suka fi cin rai. Don su na koyi ɗinkin hula a wurin wata gwaggona. Kayan aikin duka suna shiga ƙaramar jaka: ƙyallen da aka zana, allura, zare, almakashi. Hula ɗaya takan ɗauki makonni ko a hannun mai lafiya, babu mai tsaya maka a kai, in ka ajiye allura yau a nan za ka same ta jibi. Ka jingina bayanka da matashi, ka yi minti ashirin ka huta, ka miƙe yatsu, ka sha ruwa. Ka yi a wuri mai haske. Sikila tana taɓa jijiyoyin bayan ido, don haka ka riƙa zuwa a duba idonka duk shekara, in kuma ka ga wani duhu ko ɗigo-ɗigo na yawo a ganinka, ajiye ɗinkin ka je asibiti. Ranar da aka ba ka maganin ciwo mai sa barci, kada ka riƙe allura. Wanda hula ba ta yi masa ba, akwai saƙa, akwai zane, akwai rubutu.

A jakar nan nake ajiye littafin zomayen. Shafin dama nasu ne: ranar barbara, ranar haihuwa, nawa aka haifa, nawa suka rayu, me aka kashe. Shafin hagu nawa ne: aikin da na yi a ranar, yanayin gari, kofi nawa na sha, ko na ji ciwo da inda na ji shi. Bayan wata shida na duba, na ga yawancin ƙananan ciwukana suna zuwa ne washegarin ranar shara. Na raba sharar gida biyu, keji ɗaya yau, sauran jibi, abin ya ragu sosai. Littafin nake tafiya da shi ranar ganin likita.

In an sallamo ka daga asibiti, kada ka karɓi aikin a ranar. Mako na farko ka fita ka zauna a kujerarka kawai, mataimakinka yana yi kana kallo: ka duba kunnuwa, ka duba wanda ya rame, ka ba su ganye da hannunka. Mako na biyu ka karɓi ruwa da dusar safe. Shara ita ce ta ƙarshe da za ta dawo hannunka, sai ka yi kwana bakwai a jere ba ka nemi maganin ciwo ba.